Gardamar fada da gawon Baba biyu da na sayar

Daren shekaranjiya wuta ta tafi tun bayan isha'i, ɗaki ba ya shiguwa, kowa ya jawo tabarmarshi waje, fadarmu ta cika har da mutanen da rabonmu da su tun ƙaramar sallah. Shayi na farko bai ma sauka ba Mushe, malamin lakwal ɗin da ke zama da mu, ya fifita da kwali ya ce wallahi zafin bana ba na Allah da Annabi ba ne. Ai kuwa Malam na zaure ya ɗago kai ya ce to na wa ne in ba na Allah ba? Aka kwashe da dariya, amma daga nan fa magana ta kankama, har ƙarfe 1 na dare ba mu tashi ba.

Mushe shi dama kamar jira yake. Ya ce tun da Turawa suka fara ƙona kwal da man fetur da gaz a masana'antu, hayaƙin da ke fita, iskar kabon ɗin nan, ba ɓacewa take ba, taruwa take a sama ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa komawa duka. Da can cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska wajen 280 ne nata, yanzu ta haura 420, kuma tun da aka fara rubuta zafin duniya ba a taɓa ganin shekara mai zafin 2024 ba. Ya tuna muna azumin shekarar, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 cikin watan Afrilu, mu ma nan ai ba mu manta ba, tsofaffi suna jiƙa zane su lulluɓa da azahar. Abin da ya fi shiga kaina cikin bayaninshi shi ne maganar ruwa, ya ce iska in ta yi zafi ta fi ɗaukar laima, shi ya sa sai a yi sati biyu ko uku ba ɗigo hatsi yana nannaɗewa, ranar da hadari ya tashi kuma ya juye na wata guda cikin awa ɗaya.

Sai abokinmu ɗan kasuwa, mai bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ya ce Mushe dakata, duk na ji, amma wa ya yi hayaƙin? Afirka kaf ɗinta ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Ɗan Nijar abin da yake fitarwa a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan ba, Ba'amurke ɗaya ya ninka shi fiye da sau 100, to don mi za a zo a tsare tsohuwa mai murhu da duwatsu uku a ce ita ke ɓata duniya? Ya ce a 2009 a Kopenhagen sun yi alkawarin miliyar 100 na dalar Amurka duk shekara, a 2015 an sa hannu a Paris, a 2024 a Baku an ce miliyar 300, shi kam ko dalarmu ta nan ta sefa biyar bai gani ba. Kuma sai da muka fara tace manmu a Damagaram a 2011, muka ja bututu kusan kilomita 2000 daga Agadem har gaɓar teku a Benin, sannan aka tuna mai yana da illa. Su sun ci sun ƙoshi sun wanke hannu, mu da muka zo kan akushi an ce tuwon ya lalace.

Gaskiya ba wanda ya iya ce mishi ƙarya yake. Ni ma ban da ja a kan wannan, bashi ne a wuyansu kuma ya kamata a yi ta binsu har su gaji.

Malam bai yi gaggawa ba, sai da ya kurɓi shayinshi sannan ya jawo aya ta 41 cikin Suratur Rum, wadda ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ya ce ku duba tauye mudu, ku duba masu ɓoye hatsi a sito suna jiran talaka ya galabaita, ku duba zakkar da ba a fitarwa, sannan ku yi mamakin ruwa ya ƙi zuwa kan lokaci. Mushe ya ce Allah gafarta Malam, ai hannun da ke tauye mudu shi ne dai ke riƙe gatari. Na zaci Malam zai hau, sai ya yi murmushi ya ce yo ni na ce ba haka ba ne? Ya kawo hadisin nan da ke cewa ko alƙiyama za ta tashi kana riƙe da ɗan dashe, in kana da hali ka dasa shi, da ɗayan da ke cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi. Sannan ya nuna sama da carbi ya ce wanga dogon yaro da kuke zaune ƙarƙashinshi kuna ta surutu, cikinku wa ya san wanda ya yi ta ɗauko mishi ruwa a buta shekara biyu? Kowa ya yi tsit, don mun san shi ne.

Duk wannan dambarwa ni bakina a rufe, har ɗan kasuwar ya zungure ni ya ce kai ɗan ƙauye yau ba ka da ta cewa? Ina da ita, kunya ce ta hana. Shi ya sa na zo nan in rubuta, rubutu ba ya kallon idon mutum.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Agiye. Baba, Allah ya jiƙanshi, ya sha ba mu labarin yadda gona take lokacin ƙuruciyarshi, ya ce manomin kirki a wancan zamani shi ne wanda in ka tsaya a bakin gonarshi za ka hango ƙarshenta tas ba ko kututture, sassabe kenan, a sare a tara a cinna wuta, wanda ya bar sabara ko kalgo a gona rago ake ce mishi, har a hana shi mata. Zamanin gyaɗa ya ƙara abin, kowa na faɗaɗa gona. Ga kuma doka, itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya fito, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to sai manomi ya yi lissafinshi, tun abin yana ɗan tsiro ya tumɓuke shi kafin ya girma ya jawo mishi fitina. Ka ga dokar da aka yi don kare itace ita ta riƙa kashe shi. Sakamako kuwa Baba ya ce akwai damanar da sai da suka yi shuka sau uku, hatsi ya fito kamar allura iska ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi, a sake neman iri. Ga yunwar 1973, ga ta 1984 wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya a lokacin. Cikin watan Mayu na 1984 ɗin nan ne ma gwamnatin Kunce ta kira babban taron ƙasa kan hamada a nan Maradi, kuma ranar 3 ga Agusta dama an maida ta ranar dashen itace. An dasa kam, ba a ce ba a dasa ba, amma kowa ya san yadda dashen biki yake ƙarewa, a yi hoto a watse, akuya ta zo ta yi nata bikin.

Abin da ya juya lamarin ba daga gandun raino ya fito ba, daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a nan Maradi, shi ma ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, a 1983 ya tsaya a hanya yana rage iskar taya don ya ratsa rairayi, sai ya lura ashe ƙananan ciyayin da ake raina wa a gonaki ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai can ƙasa tana shan ruwa, duk shekara su toho duk shekara a sassabe su. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa abin da rabon abinci, ka bar itace a gonarka a ba ka hatsi. Da abinci ya ƙare da yawa suka bi suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga bambanci, maƙwabci ya leƙa ya kwaikwaya. Sassaben zamani aka sa mishi suna. Ni dai ba na son a riƙa ba da labarin kamar Bature ne ya koya wa Bahaushe itace, shi da kanshi ba haka yake faɗa ba, kuma tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu akwai hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. Sani ne da aka binne, shi ya tono, manoma suka ɗauka suka yi gaba da shi ba tare da wani ya biya su ba.

Ina ɗan shekara kamar goma Baba ya fara tafiya da ni sassabe. Yana da wani ɗan gatari da ba ya bari kowa ya taɓa, kullum a wase. Ya durƙusa gaban kututturen kalgo mai toho kamar ashirin, ya daɗe yana kallo kamar mai zaɓen rago a kasuwa, sannan ya ware uku ko huɗu da suka fi miƙewa, sauran ya cire, waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu. Kuma sara daga ƙasa yake yi zuwa sama, na taɓa sara daga sama ɓawon ya yage har gindi, ranar na sha rankwashi, ya ce ka ji mishi ciwon da gara za ta shiga. In ya gama ya yagi jan tsumma ya ɗaura, alamar wannan da mai shi. Rassan da aka cire Inna ta kwasa, girkin sati ya samu ba tare da ta yi tafiyar rabin yini neman itace ba.

Gawo kuwa Baba ɗan gata ya maida shi. Yakan ce itace ne mai taurin kai, lokacin da kowa ke ganye shi ya kaɗe nashi, da rani kowa ya bushe shi ya yi kore shar. To wannan taurin kan shi ne alherinshi, da damana ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarshi na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani dabbobi su kwanta inuwarshi su bar kashi, 'ya'yanshi kuma har kasuwa ake kai su don masu kiwo. Ko yaro ya shiga gonarmu cikin Agusta zai nuna maka inda gawo yake ba tare da ya ɗaga kai ba, hatsin wurin ya fi tsayi, ganyen har baƙi-baƙi yake.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 ne suka dawo ta wannan hanya, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. Ƙauyen Ɗan Saga na nan wajen Agiye har baƙi daga wasu ƙasashe suke zuwa kallo, sun kafa kwamitinsu na tsaron itace har da mata da makiyaya a ciki. A 2018 an ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin tare da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina, mai gyara ƙasa da ramukan da mu muke kira tassa, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinshi kan itacen da ya raina. Ni abin da na fahimta daga duk tarihin nan guda ne, itace bai dawo don an yi taro ko wa'azi ba, ya dawo ne ranar da manomi ya tabbata nashi ne, shi zai ci moriyarshi, kuma in ɓarawo ya sare da dare akwai inda zai kai ƙara. Jan tsumman nan na Baba ya fi takardu da yawa aiki.

To yanzu ku zo mu shigo birni, inda ba wanda ke ɗaura wa komai tsumma.

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 duk wanda ke Maradi ya san inda yake tsaye. Milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka rasu a cikin gari, a ƙasa baki ɗaya damanar ta ci kusan rai 400, tsohon masallacin Damagaram ya rushe kwanaki kaɗan bayan nan, har komawa lakwal sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwa irin wannan ko kanibo ɗinmu, wato magudanar ruwa, a share yake sai ya yi ɓarna, ban ce ba. Amma na layinmu ba a share yake ba. Da ruwa ya janye muka sa shebur, abin da muka fiddo ba ya faɗuwa, leda baƙa da ta fiya wata tuli guda, tsohuwar katifa, tayar babur, takalma, robobin lemo, duk sun cakuɗe da rairayi sun zama kamar kankare. Kuma ba aljanu suka zuba ba. Kowa ya san al'adar, da an ji iskar hadari sai ka ga yara sun fito da bokitin shara a kai, uwa ta aiko a juye cikin ruwa ya tafi da ita. Ya tafi ina? Gidan na ƙasa da kai. Gidanmu ma an yi, ba zan wanke kaina ba. A 1945 ambaliya ce ta cinye tsohon garin Maradi a cikin gulbi har aka hauro da shi kan tudu, yau ga mu muna toshe wa ruwa hanya da hannunmu, wasu ma a kan hanyar tashi suke aza bulo.

Ita leda ma abin har ya wuce kanibo. Bara akuyar maiɗakina ta yi ta ramewa ga ciki tulu, ana ba ta dusa ba ta ci, da muka ga za ta tafi a banza muka kira mahauci, ya farka tumbin ya zaro wani dunƙule kamar ƙwallon yara, leda ce zalla ta nannaɗe da igiya, ya ce wannan ai kullum ne a wurinsu. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita a Nijar, amma je ka sayi ƙosan dala biyar ka gani, leda biyu za a sa maka, in aka ba ka ɗaya ma kai ne za ka ce a ƙara. Koko da zafinshi a leda, fura a leda, awara a leda. Takin bola da ake kai wa gonakin bakin gari a amalanke rabinshi leda ne, ka ɗaga ƙasa da hauya ka tarar da ita shimfiɗe ta hana ruwa shiga. Wannan kam ba Amurka ba ce, ba Faransa ba ce.

Ga inda kunyata take. A ruwan nan na Agusta katangar gidanmu ta faɗi da ɗaki guda, iyali a fili, hannuna ba komai. Gonar da na gada akwai gawo biyar, biyu daga ciki Baba ya raine su tun suna toho kafin a haife ni. Na kira masu itace a waya muka yi ciniki ko zuwa ban yi ba, jika 45 duka biyun, na sayi siminti. Ban nemi izinin kowa ba, ban gaya wa Kawu ba, shi da ke noma gonar. Da na je bayan sallar layya ya kama hannuna bai ce komai ba har sai da muka tsaya kan kututturen, faɗinshi ya isa mutum biyu su zauna, sannan ya ce ɗana, itacen da ya girme ka ka sayar, buhu nawa aka ba ka? Na ce Kawu ku yi haƙuri, lalura ce. Ya ce na san lalura, ni ma na ga El Buhari, da ka faɗa mini da na sayar da tunkiya, tunkiya wata biyar take haihuwa.

Shi ya sa in ɗan kasuwarmu yana zagin Turawa nake jin daɗi kuma nake jin tsoro, don maganarshi gaskiya ce amma tana da daɗin fakewa. Kuma shi ya sa ba na iya zagin tsohuwa mai sayen itace ko talakan da ya sare na gonarshi, na san yadda ake kai wa nan. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau mun haura miliyan 25, gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki goma sha ke rabo, saura ta ƙare ba a barin ƙasa ta huta, tukunya kuma dole ta hau wuta kullum, wanda bai da kuɗin cika gaz ba za ka ce ya ci ɗanye ba.

Kafin a tashi daga fada dai Mushe ya kawo shawarar kowane gida a layin ya ba da dala ashirin duk sati a ɗauki samari su riƙa kwashe kanibo kafin ruwan fari, kowa kuma ya san daga ina zuwa ina ne nashi. Nan take Alhajin da ke kwanar layin ya aiko da cewa shi yana biyan haraji, aikin hukuma ne, ɗan kasuwar ya ce shi zai biya amma ba zai riƙe kuɗin kowa ba, Malam ya ce zai faɗa bayan sallar asuba. Zuwa yau gida shida suka ba da, cikin ashirin da wani abu.

Jiya da yamma kuma sai ga saƙon murya a WhatsApp daga wayar ɗan Kawu, muryar tsohon ce, iska na kaɗawa a bayanshi. Ya ce ɗaya daga kututturen ya mutu, amma ɗayan ya yi toho ta gefe wajen bakwai, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, bai taɓa ba don ba shi ya sare ba, in zan zo in zo kafin ruwa ya sauka. Na tambaya ko ɗan gatarin Baba na nan. Ya ce yana nan cikin rumbu, amma ƙotar ta karye, in biya kasuwa in sayo sabuwa kafin in hau mota ranar Asabar.